Sunan da Umma Ba Ta Kira

Zuwa ga Kakata, takwarata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da Goggo da Kawu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau. Baba da Umma da Auta suna gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin gidan nan ƙarami ne, ko tari mutum ya yi a ɗaki ana ji a kicin. Ke kuma in aka ba ki waya sai ki yi ta cewa "Iye? Iye?" har a gaji. Goggo, don Allah ki karanta mata a hankali, kada ki tsallake komai.

Na fara zuwa makaranta. Ina zama a kujerar baya, kusa da taga, kuma na soma gane yarensu, ko da yake in malama ta nuna ni sai maganar ta maƙale. Abin da ya rage shi ne katin zama. Bizar da na shigo da ita ta ɗan lokaci ce, tana ƙarewa tare da zangon karatun nan. Idan ba a ba ni kati irin na su Baba kafin lokacin ba, dole in dawo.

Mun je ofishin rajistar baƙi ni da Baba. Ɗaki ne dogo mai kujerun roba a haɗe da juna, da wani inji da ke tofo wa kowa lamba. Mun zauna tun safe har ƙafata ta yi tsami. Da aka kira mu, sai muka tarar da wata mata mai tabarau a bayan gilashi. Ta daɗe tana juya takarduna. Ta ce me ya sa takardar haihuwata sabuwa ce fil? Baba ya ce sai da tafiya ta taso Kawu ya je ya karɓo. Ta ce me ya sa a duk takardun makarantata sunanki ne a gurbin mai kula da ni? Baba ya ce ni 'yar fari ce, tun da aka yaye ni aka kai miki. Ta nemi hotona da Umma na lokacin ƙuruciya. Kaka, kin san babu. Duk hotunana a cinyarki nake.

Ba ta yi faɗa ba, rubutu kawai take yi. A ƙarshe ta ce za ta zo gida ta ga inda nake kwana, haka dokarsu take ga yaron da ya biyo iyayensa daga baya. Baba ya ce kada in damu. Amma a hanya bai yi mini tsokanar da ya saba ba, bai ce "Uwata, me za ki saya wa ɗanki?" ba ko sau ɗaya.

Ki sa ni a addu'a. Ina kewar tabarmarki da faɗanki.

Takwararki.

*

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki gaishe da Goggo da Kawu.

Mai tabarau ta zo ranar da Baba yake wurin aiki. Umma ba ta je otal ɗin da take wankin zannuwan gado ba, ta tsaya musamman. Tun asuba muka goge ko'ina. Da ta shigo, na yi abin da kika koya mini: na kawo ruwa a faranti, na durƙusa na ajiye, na koma bakin ƙofa na zauna a ƙasa. Auta kuwa ta haye jikin Umma tana wasa da 'yan kunnenta. Na ga matar ta dube ni, ta dubi Auta, ta yi rubutu.

Ta ce a nuna mata makwancina. Kin san ɗakin kwana ɗaya ne a gidan, don haka Baba ya gyara mini ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, ya sa katifa da fitilar karatu. Ni ina son ɗakin. Amma da na ga ta tsaya tana kallon tsintsiya da bokitin da ke bayan ƙofa, sai na ji kamar yau na fara ganinsu.

Muka dawo falo. Umma ba ta jin yarensu sosai, ni ce nake fassara. Matar ta tambayi Auta, wace ce wannan? Auta ta ce Yaya ce. Ta ce yaya sunanta? Auta ta yi dariya ta ce ai sunanta ke nan, Yaya. Sai ta juya wurin Umma ta yi mata tambayar. Da bakina na ce, "Umma, wai yaya sunana."

Kaka, kin san abin da ya faru. Ni ce ta fari, kuma sunanki nake ɗauke da shi, sunan surukarta. Tun da nake ban taɓa jin sa a bakinta ba. Umma ta sunkuyar da kai ta ce in gaya mata yana cikin takarda. Matar ta sake tambaya. Umma ta ce, "Ke, gaya mata mana." Ko kallon inda nake ba ta yi ba. Na so in yi wa matar bayani, wallahi na so, amma kalmomin da na koya a makaranta duk suka watse. Na tsaya ina murza bakin mayafina.

Daga nan ta ce in raka ta ƙasa. A kan matakala ta riƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya. Ta tambaye ni ko ana dukana, ko ana bari in ci abinci tare da su, ko fasfona yana hannuna. Ta ce akwai 'yan mata da ake kawowa aikatau da sunan 'ya'yan gida, kuma in haka ne kada in ji tsoro, akwai inda za a kai ni. Idonta har da ƙwalla. Taimakona take so ta yi, shi ya fi ba ni tsoro. Na ce mata uwata ce, uwata ce, na rasa abin da zan ƙara.

Jiya wasiƙarsu ta zo. An dakatar da maganar katina. Za a kira Umma ta yi bayani a gaban tafinta, a naɗi muryarta. Baba ya tambaya ko za a yi gwajin jini a huta, aka ce layin yana da tsawo, kafin sakamako ya fito bizata ta ƙare.

Ba wanda ya ci abincin kirki a gidan nan tun jiya.

Takwararki.

*

Kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Yaya jiki, yaya mutanen gida? Saƙon muryar da Kawu ya naɗo ya iso. Baba ya kunna a falo muna zaune duka. Da kika ce game da Umma, "Ku gaya wa matar nan ta faɗi sunan, ai ba kwano ba ne balle ya fashe," Baba ya yi dariya har ya share ido. Da kika ce kin yafe duniya da lahira, Umma ta tashi ta shiga kicin.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Na ji Baba yana lallashinta, yana cewa shi ma da ya haifa, kuma sunan mahaifiyarsa ne, ya daure ya faɗa a ofis bai mutu ba. Ta ce shi namiji ne. Ya ce ai mai sunan ta ba da izini. Umma ta ce ta ji, ta gode, amma bakin nata ne. Baba ya fusata, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce to ta zaɓa, ko kunya ko 'yarta. Sai ƙarar famfo na ji.

Maƙwabciyarmu mai gyaran gashi, wadda ta daɗe a ƙasar nan, ta shigo ta ce abu mai sauƙi ne, a yi ta gwaji a gida har baki ya saba. Ta zaunar da Umma ta ce, "Maman Auta, rufe ido ki ɗauka sunan sabulu ne." Ta yi ta faɗin sunan tana tafi kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Umma ta buɗe baki, sai ta ce tukunyarta tana ƙonewa. Babu komai a kan wuta.

Kaka, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na san al'ada ce. Kin sha gaya mini cewa wadda ta fi kawar da kai ita ta fi so. A gida ban taɓa damuwa ba, domin ina da ke. Amma a nan, in na ga iyaye a ƙofar makaranta suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, sai wani tunani ya riƙa zo mini. Ba Umma ce ta yi rainona ba. Ba ta san abin da nake so da wanda ba na so ba. Wataƙila na zo na takura su ne a ɗan gidan nan. Wataƙila in aka mayar da ni, kowa zai huta. Astagfirullah, na san bai kamata ba, amma tunanin ba ya neman izinina.

Shekaranjiya na jawo jakata na shirya kayana, na tura ta bayan katifa, don kada ranar ta zo ina kuka ina ninki. Da na dawo daga makaranta na tarar da jakar wayam a saman kabad. Kayan duk an goge su, an jera. Na san aikin Umma ne.

An sa mana ranar Talata. Ban san abin da zai faru ba.

Takwararki.

*

Zuwa ga Kakata, takwarata,

Assalamu alaikum warahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, ke da Goggo da Kawu. Goggo, wannan ki karanta mata ku biyu kawai.

Mun je. Wannan karon ba a bayan gilashi ba ne, wani ƙaramin ɗaki aka kai mu mai tebur ɗaya. Aka ce Baba ya jira a waje da Auta. Ni aka ba ni kujera a bayan Umma, aka ce kada in sa baki ko kaɗan. Mai tabarau ta ajiye waya a tsakiyar tebur, tafinta yana kan layi, wani dattijo mai Hausa a nutse. Ga kuma na'urar naɗar magana da ɗan jan haskenta.

Aka tambayi Umma ranar da aka haife ni, da inda aka haife ni, ta faɗa. Aka ce me ya sa ta bayar da ni? Ta ce ba bayarwa ta yi ba, haka ake yi, kuma babu wanda ya tambaye ta. Ta ce ranar da aka tafi da ni ba ta raka mu ko zaure ba, don kada a ce ba ta da kunya, amma ta daɗe tana kwana da zanen goyona. Kaka, ban taɓa jin wannan ba. Ƙeyarta kawai nake gani, da hannunta a kan gwiwa.

Sai aka zo kan suna. Umma ta yi shiru. Tafintan ya nemi izini, ya yi wa matar dogon bayani da yarensu. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce ta fahimta, kuma ta ba da haƙuri. Amma doka ta ce uwa ta ambaci cikakken sunan 'yarta da bakinta a cikin na'urar. In babu wannan, ba ta da ikon sa hannu.

Tafintan ya ce, "Baiwar Allah, ni ban san surukarki ba, wannan matar ma ba ta san ta ba. Daure."

Ina jin muryar Auta a waje tana rigima. Matar ta fara tattara takardu. Na ce a raina shi ke nan, na soma tunanin yadda zan yi sallama da malamata.

Sai Umma ta faɗa. A hankali ƙwarai, har matar ta ce na'ura ba ta ɗauka ba, a maimaita. Umma ta ɗaga kai ta sake faɗa da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga tsakar gida.

Kaka, an ce kada in yi magana. Ban san lokacin da na ce "Na'am, Umma" ba.

Na rufe bakina da hannu. Tafintan ya yi gyaran murya, bai fassara ba. Matar ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa. Daga baya ta buga hatimi a wata takarda ta miƙo mini, ta ce katin zai zo ta gidan waya, in ci gaba da zuwa makaranta.

A bas Umma ta wuce can baya ta zauna ita kaɗai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Da muka iso gida ta ce, "Ke, ɗora ruwan zafi." Har yau ba mu haɗa ido ba, kuma ko gaisuwarki a waya ta ce ba za ta iya ba tukuna. Ɗazu ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta ga ina rubutu. Ta ce in wasiƙar gida ce, in ce tana ba da haƙuri, tilas ce ta sa.

To na isar da saƙonta, ki yafe mata. Ni ma ki yafe mini, domin wannan yana nufin ba zan dawo wurinki da wuri ba, kuma na kasa yin baƙin ciki yadda ya kamata. Na san ba lallai in sake jin ta kira ni ba. Amma yanzu na san yadda sunanmu yake a bakinta.

Ki huta lafiya. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Jikarki mai ƙaunarki,
Takwararki.