Da Hagu Nake Rubuto Miki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na samu da rana tsaka, mai murmushin da ke sauko mini kamar ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Kafin komai, ki yafe mini wannan rubutu da ya yi kama da sawun kaji a jiƙaƙƙen tsakar gida. Da hagu na yi shi. Na san tun muna yara ake make mana hannu in mun miƙa wa mutum abu da hagu, to amma yaya zan yi? Hannuna na dama yana cikin filasta, kuma wadda jami'a ta ba ni don ta riƙa rubuta mini ita ce wadda nake son rubuta wa. In zaunar da ke in ce, “Rubuta: ina son ki,” ke kuma ki rubuta, ki ɗago ki tambaye ni ko a sa aya? Wallahi da na narke a kujerar.

Abokan ɗakina suna gaya wa mutane a filin ƙwallo na karye, don su rufa mini asiri. Ke dai kin san guntun sabulu ne ya kayar da ni a banɗaki, ga jarrabawa a bakin ƙofa. A raina na riga na haƙura da shekarar, don na ɗauka ofishin tallafa wa ɗalibai na masu lalurar dindindin ne kaɗai. Yayata ce ta kira ni ta wanke ni tas. “Girman kai zai kashe ka,” in ji ta. “Ofishin nan don aljanu aka buɗe shi?” Na tafi ina jan ƙafa. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Anti, ta dubi hannuna ta saman gilashinta ta ce, “Ɗana, karaya ma lalura ce, zauna.” Ta ba ni ƙarin lokaci, da ƙaramin ɗaki a ƙasa inda zan yi magana ban dami kowa ba, da izinin naɗar darasi a waya. Sannan ta ce za a ba ni mai rubutu daga wani sashe. Abin da na faɗa kawai za ta rubuta, ba ragi ba ƙari. Kada ta zama 'yar'uwata, kada ta zama budurwata. “In na ji wani abu ya shiga tsakaninku kafin a gama,” Anti ta ce, “takardunka sun tashi a banza, ita kuma in cire ta.” Dariya na yi a ranar. Kaico, ashe kaina nake yi wa!

Sai ga ki kin shigo da biro biyu, ɗan yatsanki na tsakiya da tabon tawada, kika gaishe ni ba ki ko kalli filastar ba. Ya kurciyar zuciyata, kin san abin da hakan ya yi mini? Kowa in ya gan ni hannun yake fara yi wa sannu. Ke kaɗai kika fara duban fuskata.

Kin tuna ranar takardar lissafi? Fanka na ƙara a sama, mai sa ido yana fama da gyangyaɗi a bakin ƙofa, ni kuma ina ta zuba kamar na san abin da nake yi, har na ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Ke ɗalibar tarihi ce, amma wannan ko ƙanwarki ta firamare ta san ba haka ba ne. Bironki ya tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan ya ci gaba. Kika rubuta kuskurena da kyakkyawan rubutunki, ba tari, ba harara, ba motsin gira. Da muka kai ƙarshe kika karanto mini komai kamar yadda doka ta ce, da murya ɗaya tun daga sama har ƙasa, a nan na ji shirmena da kunnena na ce a gyara. Sai da muka fito ƙarƙashin bishiyar gaban ɗakin karatu kika sauke ajiyar zuciya kika ce, “Saura kaɗan in taka maka ƙafa, sai na tuna hannu ɗaya gare ka, kada in haɗa maka da ɗingishi.” Na yi dariya har kafaɗata ta amsa. A cikin dariyar nan na gane na kamu. Wadda ta riƙe amanar maganata har da kuskurenta, ina zan sake samun irinta?

Tun daga ranar nan nake haɗiye abin da ke bakina. Na yi shiru don takarduna, ba zan ɓoye ba, amma na fi yin shiru don ke, don na ga yadda kike son aikin nan. Sau nawa na ce “sabon sakin layi” alhali wata magana ce daban a kan harshena? Sau nawa na roƙi ki sake karanto mini amsa, ba don na manta ba, sai don in ƙara jin muryarki?

Yanzu an gama takarda ta ƙarshe. Ranar Alhamis likita zai yanke filastar, kuma Anti ta ce daga nan an sallame ni, ke kuma za ki koma taimaka wa wata ɗaliba da aka yi wa aikin ido. Kowa yana taya ni murna. Yayata har ta ce in shirya wanke-wanke. Ni kuwa tsoro nake ji, hasken raina. Wane irin mutum ne ke jin tsoron warkewa? Hannu zai dawo, dalilin zama kusa da ke zai tafi, kuma ban sani ba ko duk kirkin nan na aiki ne kawai, ko akwai ɗan abin da ya rage mini a ciki.

Ga roƙona. Ranar Alhamis da yamma zan zauna a ƙarƙashin bishiyar nan da farar takarda da biro a hannuna na dama. An ce zai fito siriri, yana rawa, amma zai iya. Ki zo mu yi musaya: ke ki faɗa, ni in rubuta. Dokar Anti zan bi, ba ragi ba ƙari. In “a'a” kika ce, birona zai tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan in rubuta ta yadda kika faɗe ta, in karanto miki da murya ɗaya, kamar yadda kika yi mini. Ko Allah zai sa ki ji ta da kunnenki ki ce a gyara.

Naki da hagu yau, da dama jibi, da duka biyun muddin ina numfashi,

Mai karyayyen hannun da ba ya gaggawar warkewa.