Ƙasar Bayan Ɗakinki

Zuwa ga kakata Iya, matata ta wasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da sanyi. Mu nan Bebeji lafiya lau, sai zafin bazara. Mijin naki ne, wanda kike cewa ko gishirin miya bai taɓa kawo miki ba.

Iya, zancen ɗan filin bayan ɗakinki ne ya zaunar da ni rubutu. Baffa Sule ya ce in bana ma wurin bai yi abin kirki ba, zai haƙe ƙasar a buga tubali, ya gina ɗakin ajiyar gyaɗa. Ban ga laifinsa ba. Bara, daminar farko da ba ke, na shuka kuɓewarki, ta fito, ta yi rawaya, ta kwanta. Irin da ya rage a goran da kika rataye a madafa bai cika tafin hannu ba.

Duk abin da na ga kina yi, na yi. Na kwashe tokar murhu. Na tone gindin juji na ɗebo wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Na saro ƙasar shuri na farfasa, na gauraya da kashin awaki da busasshen kashin shanu, na yayyafa ruwa, na lulluɓe da kara, ina juyawa da fartanya. Abu ɗaya ne ya gagare ni. Ke kafin ki tayar da kunyar shuka sai ki ɗauki ɗan ɓarɓashin ƙasar ki ɗora a harshe, sannan ki ce ta nuna, ko kuwa a ƙara mata kwana.

Ni kuwa abin dariya na samu. Ina bin gidaje ina cewa matata ta bar tuwo ta koma cin ƙasa. Kin tuna ran da na barbaɗa garin barkono daidai inda kike ɗiba? Kika ɗanɗana, hawaye na zuba, kika ce, "Maigida, takin nan naka ya yi ƙarfi. Sauko in nuna maka yadda ake ji." Ina kan katanga ina ƙyalƙyala dariya, na ce miki sai gobe.

Yanzu ga ni durƙushe a wurin, ina sa wa a baki ina tofarwa, ba na jin komai sai ƙasa. Ɗaci kike nema? Tsami? Matan gida na leƙowa suna cewa na gaje ki. Da ma gaskiya suka faɗa.

Na tambayi Gwaggo Hansai, ta ce ai ta ɗauka ni kika koya wa, tunda kullum ina manne da zaninki. Na taka har Kiru wajen ƙawarki Inna Dudu, Bafulatanar da ke kawo miki taki kina ba ta dusa. Ta ba ni kindirmo. Ta ce ita ma ta sha gani, ba ta taɓa tambaya ba, don ta ga kina nan.

Iya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ba ni da sauran wanda zan tambaya. Na raba irin biyu, rabi na aika wa Inna Dudu ta zuba a tsohon mashekarin shanunta, don ko Baffa ya haƙe nan, kuɓewarki ta tsira a wani wurin. Rabin zan binne shi bayan ɗakinki da zarar ruwa ya sauka, ko ƙasar ta nuna ko ba ta nuna ba. In kin ga kuɓewar ta yi rawaya, kada ki yi fushi. Na yi iyakar abin da idona ya ɗauka.

Allah ya jiƙanki, Iya, ya yalwata kabarinki, ya sa ƙasar da kike kwance ciki ta yi miki taushi. Amin.

Jikanki mai ƙiriniya,
Ɗanjuma