Da'irar Hannun Hagu

Zuwa ga ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokiyar ɗakinki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta kuma ce in tambaye ki ko tarin nan ya sake ki. Mu dai muna nan yadda kika bar mu, alhamdu lillahi.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun dama bai dawo ba tun ranar hatsarin, likitoci kuma sun daina cewa "sai a hankali", sun koma cewa "sai haƙuri". Saboda haka da hagu nake rubuto miki. Wannan ba ita ce takardar farko ba; 'yan'uwanta suna cikin kwandon shara, har mahaifiyarki ta ce idan na ci gaba a haka, mai sayar da takarda zai zo duba ni da kansa.

Na karanta saƙonki a tsanake. Na fahimci cewa sakamakon jarrabawar lasisin harhaɗa magunguna ya fito, kin faɗi a darussa uku, kuma kin yanke shawarar ba za ki sake rajista ba, za ki tattara kayanki ki dawo gida. Na kuma ga jimlar da kika rufe da ita, cewa da Yayanki ne, zama ɗaya zai yi ya wuce. Haka ne, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa ganin ya maimaita wani abu ba. Sai dai kin zauna jarrabawar nan ba a daɗe da rasuwarsa a hatsarin ba, kina zirga-zirga tsakanin makaranta da gadona na asibiti. Ina roƙonki ki sake rajista kafin a rufe a ƙarshen wata.

Game da ni kuwa, an kusa buɗe jami'a. Kin san yadda nake fara laccar farko ta kowace shekara: in shiga ajin lissafi ban ce uffan ba, in ɗauki alli in zana da'ira a jan hannu guda, ba tare da kamfas ba, sannan in kira ɗalibi ya auna ta. Ba a taɓa samunta da aibi ba. Cikin duk waɗanda suka gwada koya, Yayanki kaɗai ya iya, tun yana hawa kujera kafin ya kai allon falo. Ta ƙarshe da ya zana tana nan a kusurwar allon, ba wanda ya goge. Na zana tawa da hagu kusa da ita. Abin da ya fito ba shi da suna a ilimin lissafi, ƙarshen layin ma bai haɗu da farkonsa ba. Don haka na sanar da shugaban sashe cewa ba zan koma aji ba. Akwai matasa masu hannu biyu.

Ki kula da cin abinci. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.

* * *

Ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma zafin garin bai takura miki ba. Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Amsarki ta iso. Gajera ce, amma ta yi aikinta. Kin rubuta: "Abba, ka ce in koma inda na faɗi, kai kuma ka ƙi zuwa inda za ka faɗi. To mu haɗu a gida mu zauna mu biyu, Umma ta riƙa dafa mana shayi." Na karanta wa mahaifiyarki da nufin ta taya ni jin haushi, sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun Yayanki yana raye. Da ta natsu ta ce, "Malam, ai 'yarka ce, kai ka koya mata kafa hujja." Na nemi kuskure a hujjar taki, ban samu ba.

Na koma wurin shugaban sashe na janye maganata, jiya kuma na shiga aji. Mahaifiyarki ce ta ɓalla mini maɓallan riga, ta gyara mini wuya kamar mai shirya yaro zuwa makaranta.

Ɗakin yana nan yadda na san shi, da fankarsa mai ƙara da ƙurar alli a kan tebur. Sababbin ɗaliban sun ji labarin da'irar a bakin na gaba da su, don na ga wayoyi a sama tun kafin in ajiye jaka. Na ɗauki alli. A tsakiyar hanya ya karye, na ci gaba da guntun. Layin ya kumbura ta gefe, ya dawo ya wuce farkonsa, ya bar giɓi kamar faɗin tafin hannu. Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Tunda al'adata ce a auna, na kira wata ɗaliba daga layin gaba. Ta zo da rula, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce cikin ladabi, "Malam, daga ina zan fara? Ban ga tsakiyarta ba." Wani daga baya ya ce ai ƙwan jimina ne. Aka yi dariya, na bar su suka gama.

Dariyar ba ta yi mini ciwo kamar yadda na zata ba. Abin da ya yi mini nauyi shi ne da na juyo, idona ya tafi kan kujerar bakin taga, inda Yayanki kan zauna ya jira ni idan ya zo ɗaukata. Wani ne daban a kai. Na ɗauke idona daga kan kujerar, sannan na fara darasi.

Ba zan ce miki na ji daɗi ba. Na dawo gida a gajiye liƙis, kafaɗata tana zugi. Amma na faɗa musu cewa a farkon kowace lacca zan zana wata, ita kuma ɗalibar ta riƙa auna giɓin.

Maganar rajista tana hannunki. Ba zan sake tayar da ita ba.

Mahaifinki.

* * *

Auta,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar jarrabawa? Ina fata kin samu kin huta.

Tun da kika sanar da ni kin sake rajista ban rubuto ba, don kada in ƙara miki nauyi. Yanzu ga sakamako: kin ci biyu, saura ɗaya. Kin rubuto mini shi kamar mai isar da ta'aziyya, har da neman gafara. Ban ga abin yafewa ba. Uku ne, sun koma ɗaya. Ki yi rajistar wanda ya rage, ki kuma zo hutu. Mahaifiyarki ta ce tayin shayin yana nan, amma na mako biyu kawai.

Zango ya zo ƙarshe. Giɓin ya yi ta raguwa, wani makon kuma ya ƙaru, har na daina tambayar dalili. A laccar ƙarshe ɗalibar ta ɗora rula, ta matso da fuskarta, ta ce, "Malam, ta haɗu." Har yanzu ƙwai ce. Suka fara tafi, na ce su bari, muna da aiki.

Ba irin ta Yayanki ba ce, ba kuma irin tawa ta da ba ce, na kuma san ba za ta zama ba. Na daina gwaji a allon falo. Na goge nawa duka, na bar tasa ita kaɗai. Yanzu idan na wuce nakan tsaya in dube ta saboda hannunsa ne ya zana.

Na gaji, Auta, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya tsarawa a takarda. Amma na karɓi ajin baɗi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan Yayanki.

Mahaifinki.

Ƙarin bayani: wannan ita ce takardar farko, ban sake kwafe ta ba. Ga da'irar nan a ƙasa na zana miki. Kada ki auna ta.