Sandar da Ta Harbi Alhaji

Asabar, da dare

Wa zai faɗa mini abin da ke harbi kamar jaki, ba ƙafa ba kofato?

Yau jikata Hadiza ta kai mu gidan tarihin jiragen ƙasa, aka bar maigidana Alhaji ya tuƙa jirgi mai kwal. Har da tsokanata: "Tsohon direba, kada ka kai mu Zariya!" A jiragen da ya saba tuƙawa, abin sarrafawar ɗan wili ne da ake murɗawa a hankali. Na wannan jirgin kuwa sanda ce. Ya sake ta jirgi na tafiya, ta fizge, ta doke shi a ƙirji.

Ya ƙi asibiti, wai "Hajiya, ba komai." Ga shi yana numfashi da ƙyar. Na kira Hadiza, tana hanya.

Mai harbin nan dai, sandar juya jirgi gaba ko baya ce.