Layar Wuyan Rahmatu

Bagudo,
20 ga Nuwamba, 1960.

Zuwa ga Yayata Barira, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Bunyaminu da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Gero ya yi kyau bana, an cika rumbu har an yi ƙari a ɗaki, shinkafar fadama ce kawai ruwa ya ci rabinta. Matata Asama'u ta yaye goyonta, Gwaggo Uwa kuma tana nan da ƙarfinta, bakin nan nata bai ragu da komai ba. An yi shagalin mulkin kai, an ɗaga sabuwar tuta, ni dai abin da na gani a ciki shi ne ɗinkin riguna har sai da ƙafata ta kumbura a kan keken ɗinki. Takardarki ta ta'aziyya ta iso ta hannun Manu mai goro, tare da goron sadaka. Allah ya saka miki, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Yaya, kafin ki ci gaba, ki keɓe wuri ki karanta da idonki. Baba ya koya miki karatu kamar yadda ya koya mana duka, saboda haka kada ki miƙa wa kowa ya karanta miki, ko da Malam ne. A ƙarshen takardarki kin tambaye ni ko na kula da adakar Baba. Na gane abin da kike nufi, kuma amsar ita ce na kula, amma sai da na kusa mutuwa da tsoro tukuna. Yanzu hankalina a kwance yake, ina so naki ma ya kwanta, don haka zan ba ki labarin tun daga tushe.

Kin san ɗakin zauren da Baba ya shekara arba'in yana rubuta wa mutane wasiƙu a ciki. Damina ta tsaga bangonsa na gabas, tsagar da hannu ke shiga, magina suka ce sai an rushe an sake. Ranar da na buɗe shi don kwashe kaya, wallahi sai da na ja da baya. Ke dai bari! Mutumin nan bai taɓa yar da komai ba. Fasassun fitilu huɗu, tsofaffin buzaye da gara ta mayar rariya, kwalaben tawada da suka bushe tun muna yara, damin alƙaluma, takalmi wari guda, har da sirdin jakin nan da ya mutu kafin aurenki. Kwana uku ni da Asama'u muna fitar da tarkace. Abin da ke da amfani muka raba wa mabuƙata, na ƙonawa muka ƙone a bayan gida, ƙarafa na ba maƙera. Adakar ƙarfen kawai na bari a kusurwa, na ce sai na natsu.

Kin tuna yadda yake aiki. Ba ya taɓa rubuta wasiƙa kai tsaye. Sai ya fara zuba maganar mutum a wata takarda, ya karanta masa, a gyara, sannan ya juya a mai kyau a aika. Ta farkon kuma ba ya yagawa, adaka yake jefa ta, wai ko wata rana wani zai musa abin da ya faɗa. To asirin rabin garin nan yana cikin adakar: wanda ya kai ƙarar ɗan'uwansa, matar da ta kai kukan mijinta ga iyayenta, wanda ke bi da shanu ta bayan 'yan kwastan zuwa Dahome. Amma ba su ne suka dame ni ba. Bari in faɗa a fili sau ɗaya, tunda Inna ta gaya mini kafin ta rasu, ke kuma da ke aka yi. Tasallah, autarmu, ba Inna ta haife ta ba. Shekarar da kuka yi dogon zama a Segbana ta ƙasar Dahome, wata baiwar Allah mai suna Rahmatu, wadda kuturta ta kama, ta ba Inna da Baba ita tana da kwana bakwai, don kada yarinyar ta tashi ana gudun ƙwaryar shan ruwanta. Ke kika goyo ta har gida, gari ya ɗauka haihuwar Inna ce. Abin da matar ta roƙa guda ɗaya ne, a riƙa aika mata labarin ɗiyarta kowace kaka. Baba ya cika alkawari shekara goma sha tara, har matar ta rasu, kuma kowace wasiƙa ya ajiye ta farkonta, ya ɗaure su wuri guda da jan zare.

Ana jibi sadakar arba'in na tafi kasuwar Lolo sayen yadi, na kwana can. Da na dawo na iske ɗaki fes, an share, an yayyafa ruwa, adaka a buɗe, babu ko ƙyalle a ciki. Gwaggo Uwa ta tare ni tana washe baki, ta ce ta hutar da ni. Ta ce ta ga takardun ɗan'uwanta duk rubutun Larabci ne, kowace da bisimilla a kanta, to ai addu'o'i ne, bai kamata a bar su gara ta ci ba. Ta kwance ɗaurin duka, ta zuba a buhu, ta kai masallacin Juma'a sadaka, don duk mai so ya ɗauka ya karanta lada ta kai ga mamaci. Kin san Gwaggo, ko alif ba ta sani ba, a wurinta duk abin da aka rubuta da tawada daga dama zuwa hagu ayar Allah ce. Na buɗe baki zan yi faɗa, na tuna tana Kamba da aure lokacin da aka kawo Tasallah, ba ta san komai ba, kuma in ta sani yau, gobe masu dakan unguwa za su yi waƙa da shi. Sai na haɗiye, na ce mata Allah ya ba da lada.

Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wa ke zama sahun gaba a masallacin nan, ya iya ajami kamar ruwa, kuma ba ya ganin takarda ya ƙyale? Alhaji Sambo, surukin Tasallah. Kin san gidansu. Uwar mijinta ko sadaka za ta ba kuturu, a ƙasa take ajiyewa ta ja da baya. In suka ji, ba za su tsaya duba cewa yarinyar nan lafiyarta ƙalau shekara ashirin da biyu ba. Za su sa mijinta Atiku ya sake ta, su karɓe jaririyarta, ita kuma ta ji a bakin duniya cewa uwar da ta binne ba uwarta ba ce. Da gudu na tafi, babba da ni, hula a hannu, mutane suna tambaya ko gobara ce.

Allah ya rufa asiri, liman Malam Abu na iske shi kaɗai a inuwar masallaci. Ya ce buhun yana nan saman katanga inda ya rataye shi, idonsa ya yi rauni, yana jiran Juma'a ne a zazzage a gaban jama'a kowa ya zaɓa. Juma'ar kuwa saura kwana ɗaya! Na gaya masa ba addu'o'i ba ne, wasiƙun mutane ne. Dattijon ya riƙe baki, ya ce in ɗauke maza, shi kansa akwai tasa a ciki. Na tambaye shi yadda zan yi da su, tunda ba a zuba sunan Allah a juji, ba a kuma bar toka iska ta kai ta inda ake takawa. Ya ce in sami sabuwar tukunya in ƙone su a ciki a wuri mai tsarki, in kai tokar ruwa mai gudu.

Na kulle kaina a ɗaki da hantsi na zazzage buhun, ina ware namu daga na mutane. Na mutane ban karanta ba, da na ga sunan da ke sama sai in kife. Namu ba su da wuyar ganewa, don kowace Baba ya fara ta da shekarun yarinyar. Na ga ta shekarar da ta yi haƙori, ta shekarar da ta faɗa rijiyar lambu aka ciro ta tana dariya, ta shekarar da ta sauke izu biyar. Na yi kuka, ba na ɓoye miki. Na jera su a tabarma, goma sha takwas. Ta shekarar farko babu, kuma ita ce mafi hatsari, don a cikinta ne ya rubuta sunan matar da na garinta da alkawarin da suka yi. Na juye buhu, na girgiza adaka, na koma masallaci na duba ƙarƙashin tabarmi. Babu.

Na koma wurin Gwaggo da lallami, na tambaye ta ko ta ba wani ko da guda. Ta ce ai kuwa, ta manta, guda ɗaya an kai wa Arzika baduku ya ɗinke ta laya, tana wuyan jaririyar Tasallah tun jiya, albarkar kakanta. Ki ji fa! Asirin da muka shekara ashirin da biyu muna dannewa, ga shi yana lilo a wuyan jaririya a tsakiyar gidan Alhaji Sambo. Arzika dai bai iya karatu ba, ya ce mini a naɗe aka kawo masa, an ɗaure da zare. Na kwana ina shirya ƙaryar da zan yi in karɓo ta. Washegari na aika wa Tasallah cewa zan kai tokar takardun Baba kogi, in mijinta ya yarda ta zo ta raka ni. Niyyata in ce layar ba a rubuta ta daidai ba, zan sake mata wata.

Da sassafe muka taka har bakin kogin Kwara, ni da buhu da tukunya, ita da goyo. Na haɗa wuta a kan yashi mai tsabta, muna sa takardun kaɗan-kaɗan, ina juyawa da kara har ba sauran baƙi ko ɗaya da ido zai iya karantawa. Da na ɗauko goma sha takwas ɗin nan na kife su don kada ta gani. Sai ta riƙe hannuna, ta ce in bari ta sa su da kanta. Kafin in fara ƙaryata ta ce kada in wahalar da kaina, ta san layar nake so. Ta ce ba Gwaggo ta zaɓi takardar ba, ita ta zaɓa ranar da Gwaggo ke kwashe adakar, ita ta naɗe ta da hannunta. Tun tana da shekara goma sha huɗu, wata rana tana share wa Baba ɗaki, ta ga sunanta a saman ɗaurin jan zare, ta zauna ta karance su tas. Ta yi shiru ne don ta ga Inna na tsoron ranar da za ta sani, ba ta so ta sa mata wannan baƙin ciki.

Na zauna daɓas a kan yashi. Ta ce sauran a ƙone, ta yarda, amma wannan guda ita ce kaɗai abin da ya rage a duniya mai ɗauke da sunan wadda ta haife ta, ba za ta ba wuta ba. Na ce mata hatsarin fa? Ta tambaye ni ko tunda nake na taɓa ganin wanda ya farke layar wuyan yaro don ya ga abin da ke ciki. Na duba, ban taɓa gani ba, kowa tsoro yake kada abin ya koma kansa. Uwar mijin nata ma da kanta take gyara wa jaririyar igiyar kullum bayan wanka. Sannan ta tuna mini ranar sunan jaririyar, da ta roƙi Atiku ya bar Baba ya zaɓa, ta kuma raɗa wa Baba sunan da take so. Ina wurin, na ga ya daɗe yana kallonta, sannan ya fita ya sanar wa jama'a cewa sunan jaririya Rahmatu. Ni da ke muka ce katari ne, har kika rubuto cewa gabanki ya faɗi. Ashe mu ne yaran, Yaya.

Usuman masunci ya shiga da mu tsakiyar ruwa a jirginsa, Tasallah ta juye tokar, ta ɗauraye tukunyar, ta sake ta ta nutse. Asirin mutanen Bagudo ya bi ruwa, babu wanda zai ƙara kwana da fargabar adakar Baba. Ɗakin kuma an rushe bangon, an fara ɗora sabo, nan zan kafa kekena. Ni dai tun rasuwar Inna ban ji ƙirjina sakayau kamar yanzu ba.

Tasallah ta ba ni saƙo gare ki, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Ta ce ta san bayan da ya goyo ta daga Segbana har Bagudo, kwana uku a ƙasa, bayan yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ta ce ki sauke ta hakanan, kin goya ya isa, ta iso gida tuntuni.

In kin gama karantawa, ki ƙone wannan takarda, ki zuba tokar a ruwa mai gudu. Ni ban ajiye ta farkonta ba, a nan kam na saɓa wa Baba. Ki gaishe mini da Malam Bunyaminu da kyau, da ɗiyarki Mariya da ƙannenta. Asama'u tana gaishe ki, Malam Abu ya ce a isar da gaisuwarsa. Gwaggo Uwa ma tana gaisuwa, ta ce in gaya miki irin ladar da ta tara wa ɗan'uwanta. Allah ya sada mu da alheri, ya kawo ki gida ki ga Rahmatu kafin ta fara tafiya.

Ni ne ƙanenki,
Lauwali tela.