Bandir na Bakwai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana zagaya tsakar gida da sandarta, bakin nan kuwa ya dawo har ya fi na da, don jiya ni da mai kawo mana ruwa duk mun sha faɗa. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Ka san gidanmu, ko tari ka yi a ɗaki sai an ce maka sannu daga kicin, maganar da ke bakina kuma ba ta waya ba ce.

Ka ce in nemo kafinta ya yi mana ƙiyasin sabon rufi kafin damina ta kankama. Na kira Dogo, wanda ya koyi aiki a hannun marigayi Baba, yanzu shi ma har da furfura. Ya wuni a sama da tef da fensir a bayan kunne. Ya ce tsatsa ta gama da kwanon, ramukan ƙusa duk sun buɗe, gara kuma ta ci katakon ɓangaren kicin har yatsa na shigewa. Ya rubuta katako tu-bai-fo guda sittin, tu-bai-tu tamanin, ƙusa mai hula kwali huɗu, silin na falo da na ɗakin Inna, sai kuɗin aiki da ya rage mana saboda darajar Baba. Na haɗo maka takardarsa, in ka iya karanta rubutun.

To Yaya, a nan na yi ɓarna. Tun kafin ya taka tsani na ja shi gefe, na ce ya cire ɗakin Auta daga lissafi, tunda a bayan gida yake da rufinsa daban, na fake da cewa kuɗi ba za su kai ba. Tunanin tela na yi, ba a yanka yadi don wanda ba zai sa riga ba. Ni da kai mun san Auta ba zai dawo ba. Kai ka sa shi a kabari da hannunka wata goma sha tara da suka wuce, lokacin Inna tana kwance a asibiti ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce kada ta ji abin da zai girgiza ta. Muka ce mata ya samu aiki a wani daji inda babu sabis, kullum kuma sai mu ce bari ta ƙara warwarewa tukuna.

Abin da na manta shi ne tarbiyyar Baba: ba a miƙa takardar ƙiyasi sai an karanta wa babban gida ita da baki. Dogo na saukowa ya durƙusa gaban Inna ya shiga karantowa, ni ina tsaye ina ta ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka ƙura ce ta shiga min. Da ya zo kan kwano ya ce bandir shida, sai carbi ya tsaya a hannunta. Ta ce ya sake faɗa. Sannan ta ce gidan nan bandir bakwai ne, falle ɗari da arba'in cif, ita ta miƙa wa Baba su ɗaya bayan ɗaya tana goye da ni. Ta tambaye shi ko gidan ne ya tsuke, ko kwanon zamani ne ya ƙara faɗi. Dogo ya waiwayo ya kalle ni. Ita ma ta kalle ni, ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari da hantsi na buɗe ɗakin Auta, karo na farko tun rasuwar. Na zaci zan tarar da ƙura da yanar gizo. A share yake tas. An lulluɓe katifarsa da leda, takalmansa na ƙwallo suna kan kujera don kada su jiƙa, ga robobi uku a jere daidai inda yake yoyo. Ashe duk ruwan da aka yi, Inna ke jan ƙafarta ta zo ta zubar, ina shago ban sani ba. Rana na shigowa ta ramukan ƙusa tana ɗiga a kan rigarsa da ke rataye. Akwai falle ɗaya da ya ɗaga, in iska ta ratsa sai ya yi wani sauti kamar fiton da Auta ke yi in yana wanki. Na san kwano ne, amma tun ranar ko keken ɗinki nake takawa sai in ji shi, in tsaya in waiwaya. Tsoro nake ji, Yaya, da kunya. Mun hana shi addu'ar uwarsa, mun bar ta tana tare wa mamaci ruwa.

Shekaranjiya Inna ta kira ni ta ce in rubuto maka, kai ne babba. Ta ce ba za ta tambayi kowa komai ba, labarin zuciya a tambayi fuska, tawa kuma ta gani. Idan ka turo kuɗin bandir bakwai, za ta ci gaba da share ɗaki tana jira. Idan na shida ne, a shimfiɗa mata tabarmar makoki a sanar da dangi, don ɗanta yana da haƙƙi a kanta. Ta hana Dogo zare ko ƙusa ɗaya sai amsarka ta iso, ga shi an yi ruwa sau biyu, silin ɗinta ya fara ciki. Ni dai shawarata shida, kuma kada ka turo ta banki. Ka zo da ƙafarka ka zauna kusa da ita, ni kaɗai ba zan iya ba.

Ka gaida Amarya, duk da shekara goma sha biyu ta ƙi sakin sunan, da 'yan biyu, da Kawu mai gyaran agogo in kun haɗu. Gwaggo da maigidana suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ta lissafo min ku ɗaya bayan ɗaya har jaririyar da ba ta taɓa gani ba. Na tsaya da biro ina jiran ta ce, kamar kullum, in ka samu Auta a waya ka gaishe shi. Ta ce shi ke nan, in rufe takardar.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Tela