Ni da Hajiya Kar-a-Taɓa

Litinin, 3 ga Yuni

Yau aka ci min mutunci. Shekara ashirin da shida ina yi wa kamfanin katako renon dashen itacen turare, har suka sare gandun tas suka tafi. Dashe ɗari huɗu na rena a leda don a sake cike filin. Sai ga sabuwar jami'ar gandun daji, wadda a haife na haife ta, tana ce min: "Baba, ba za a dasa komai ba. Gadi kawai za ka yi, daji zai fito da kansa." Da kansa! To ni mene ne amfanina? Na sa mata suna Hajiya Kar-a-Taɓa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Mai ɗakina ta ce ai hutu ne ya same ni. Ban ci abincinta ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Ciyawa da ƙaya sun rufe kututture. Ba layi, ba tsari, kamar kan mahaukaci. Mu a da igiya muke ja, taku uku tsakanin itace da itace, duk abin da ya fita layi fartanya ce maganinsa. Na share kusurwar gabas a ɓoye, na dasa hamsin. Bari ta zo ta ga aikin manya.

Talata, 2 ga Yuli

Ta gani. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta tsuguna kan tarin sharar da na yi, tana ɗaga 'yan tsiron da na sare ɗaya ɗaya. "Wannan maɗaci ne, Baba. Wannan kirya." Haba! Ni za a koya wa itace? Amma wallahi ban taɓa ganin su suna ƙanana ba, turare kaɗai na sani a leda. Goma sha tara na kashe.

Lahadi, 21 ga Yuli

Gara ta cinye rabin dashena. Su kuwa marasa uban nan masu fitowa da kansu ba abin da ya same su. Wannan ai rashin adalci ne.

Juma'a, 9 ga Agusta

Sauran na leda saiwarsu ta fasa ƙasa. Na kai wa makaranta su yi shinge. Raina a ɓace yake.

Laraba, 4 ga Satumba

Ƙanena ya karya shingen gandun ya shigar da shanunsa. Wai: "Yaya, ai ciyawa ce, kai da bakinka ka faɗa." Na same su sun tattake wata 'yar kanya da ta kai min gwiwa. Ban san lokacin da na ɗaga masa sanda ba, unguwa duk ta ji mu. Ya rantse ba zai ƙara taka gidana ba.

Ban ce yarinyar nan tana da gaskiya ba, aikin gadi ne kawai. Mai ɗakina ta tambaye ni me na zuba a kwano na rufe a bayan ɗaki. Na ce ba ruwanta. Kanyar ce, na tono ta da ƙasarta, wataƙila ta yi rai.